Mai Kyan Ta Baba Ce

Yaya Sabi'u,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti Hadiza da yara? Ya jikin Baba, in ka leƙa shi kwanan nan?

Na ji saƙonka. Wai in sai wa Baba talabijin mai araha tunda ba ya gani sosai, mai dama-dama kuma in aiko falonka. Ko kunya babu!

Jiya a wani shago a unguwar Al Ras, nan ƙasar Larabawa, na sa aka kunna biyun, na runtse ido don in ji yadda Baba zai ji. Mai arahar kamar sauro a gwangwani. Ɗayar kuwa, sai ka ce mai karanta labaran yana gefenka. Mai shagon ya yi dariya, ya ce, "Habibi, kallo ake yi." Na ce khalas, magana ta ƙare, ɗaure min duka biyun.

Mai kyan ta Baba ce, ƙanwarmu Zainab za ta karɓa wajen 'yan kago masu kawo kaya. Taka, mai arahar, in ka kalle ta ta gefe dushewa take, sai ka zauna gabanta ido da ido. Ka koya a kanta, ka daɗe ba ka yi wa Baba haka ba.

A sa ni a addu'a. Ka gaishe shi, in ba ka manta hanyar gidan ba.

Ƙaninka,
Nura