Bishiyar Kwakwa a Tiga

Yaya Sule,

Ina gaisuwa. Ya jiki, ya iyali, ya zaman Legas? Mu nan Ƙofa lafiya lau.

Shekaranjiya 'yata Hauwa'u ta shigo da waya, wai ruwa ya cinye Tiga, ga bidiyo. Ban yarda ba. Na ce, "Zauna mu sake kallo. Yaushe kika taɓa ganin bishiyar kwakwa a Tiga?" Na sa ta kira Kawu Bala masunci da ke can Tiga. Ya ce lafiya lau, ga shi a bakin ruwa yana gyaran komar kamun kifi.

Na ce ta duba wanda ya turo. Yaya, lambarka ce.

Ka gaida kowa, ka sa mu a addu'a. Kafin ka sake turo mata wani abu, ka duba bishiyoyin.

Ƙanwarka,
Binta