Ba a Kan Jan Fentin Na Ɗora Ta Ba

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ku da masu karanta wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin a zage ni a karanta har ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Shekara ashirin da biyu ina gyaran inji a wani kamfanin casar shinkafa a Gusau. Ban yi boko mai nisa ba, amma in na ɗora bakin sukudireba a gidan boris, inda sandar inji ke juyawa, na kara ƙotar a kunne, zan faɗa maka ko maiko yake so ko mutuwa zai yi. Sai ga shi bara an ɗauko mana wani injiniya ɗan Tsafe, da wata na'ura mai igiya da maganaɗisu a baki. Ya manna ta a jikin inji, ta auna jijjigarsa, ta zana masa layuka, wai ya gano ciwo. Daga ranar manaja ya daina cewa a kira ni. Ni da nake kwance injinan nan tun yana firamare? Abin haushin ma bai taɓa raina ni ba. Baba yake ce min, har da rusunawa. Da rashin kunya ya yi min da na fi samun sauƙi.

Ana tsakiyar kaka, shinkafa ta cika fili, injiniya ya ce jijjigar babbar fankar busarwa tana hawa, boris ya fara ci, a tsayar da ita kwana biyu. Manaja ya juyo gare ni ya ce, "Kai mi kag gani?" Wallahi kunnena ya riga na'urarsa ji, boris ɗin ƙara yake kamar an zuba masa yashi. Amma na buɗe baki na ce, "Wanga inji haka shika yi tun da can." Manaja ya ce a ƙara aunawa mako guda. A makon matar injiniya ta haihu, zai tafi Tsafe suna, sai ya damƙa min na'urar, ya nuna min ɗigon jan fenti da ya yi a gidan boris, ya ce, "Baba, nan za ka aza ta kullum. Kai kaɗai na yarda da kai." Ni kuwa kullum sai in manna ta can ƙasa, a ƙarfen gindi da aka kafe cikin siminti, inda jijjiga ba ta da ƙarfi. Me nake nema? In ga an yi masa dariya sau ɗaya, shi ke nan. Ya dawo ya ga lambobi sun sauka, ya je ya ba manaja haƙuri.

Kwana tara bayan nan boris ya kama, fanka ta tarwatse. Ɓallin ƙarfe ya sami wani bawan Allah ɗan Bungudu mai ɗinkin buhu, har yau hannunsa na dama ba ya riƙe basilla. Aka sallami injiniya, aka jefa na'urar a durowa. Ni da na ce lafiya lau babu wanda ya tuna, tunda tawa maganar baki ce, tasa kuwa a rubuce take. Yanzu manaja ya koma "a kira Baba". Na samu abin da nake so, kuma wallahi ko tuwo ba ya wuce min.

Ranar Juma'a muna fitowa masallaci injiniya ya tare ni. Ya rame, labari ya zaga, babu mai ɗaukarsa aiki. Ya ce, "Baba, na'ura ta cuce ni. In taho Laraba ka koya mani saurare da sukudireba?" Na ce ya zo.

In na faɗi gaskiya, aikina ya tafi, da mutuncin da na yi shekara ashirin da biyu ina tarawa, kuma da wane ido zan dubi mai ɗinkin buhu? In na yi shiru, zan shimfiɗa masa tabarma in koya masa ya daina yarda da abin da ya sani daidai. Jibi ne Laraba, zai yi sallama a ƙofata ya ce Baba.

Me zan yi?