Kuɗin Takinmu Da Kuka Riƙe

Zuwa ga Shugaban kamfanin hada-hadar kirifto da kuɗinmu ke hannunsa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, yallaɓai, da fatan kana lafiya. Ban san sunanka ba, ban san garin da kake ba, shi ya sa na fito da maganar fili ko wani zai isar maka.

Ni malamin firamare ne kuma manomi a Dayi. Bayan girbin bara, mu tara muka sayar da masara da waken suya, muka haɗa kuɗin takin bana. Ni na kawo shawarar a mayar da su dalar kirifto, wato kuɗin intanet, a manhajarku, kada naira ta zube kafin damina. Suka yarda saboda ni ne ɗan bokon cikinsu. Yau masara ta kai gwiwa, ganyenta ya fara rawaya, ku kuma kun hana ni cire ko sisi. Ga abin da ya tsaya mini a rai:

1. Ranar da na zuba kuɗin ba ku tambaye ni komai ba, nan take suka shige. Sai da na zo cirewa kuka tuna kuna son sanin inda na samo su. Me ya hana ku tambaya tun farko?

2. Kun ce kuɗin sun shigo mini daga mutane dabam-dabam, don haka akwai zargi. Yallaɓai, haka muka tashi muka ga ana yi. Mai son taki buhu biyu ba ya zuwa Funtuwa shi kaɗai ya samu farashin sari. Sai an haɗa, a damƙa wa mutum ɗaya, a ɗauko mota guda.

3. Kun nemi rasit na hatsin da muka sayar. A kasuwarmu dillali ya tsaya, a daidaita, a ce Allah ya sa albarka, shi ke nan ciniki ya faɗa. Baba Ɗanladi, dattijon cikinmu, ya yi furfura yana sayar da hatsi bai taɓa karɓar takarda ba. Da na gaya masa, cewa ya yi ku zo ku leƙa rumbunsa da ya yi wayam, shi ne rasit ɗinsa. Wani ya ce in je shagon kwamfuta a buga mini na bogi. Na ƙi. Ban yi ƙarya wajen tara kuɗin ba, ba zan yi ta wajen karɓarsu ba.

4. Na tura hoton katin shaidata sau huɗu. Na yi ta juya wuya hagu da dama a gaban waya kamar zakara, don ku tantance fuskata. Mako biyar amsa ɗaya ce: ana dubawa. Wa ke dubawar, mutum ko na'ura? Ko dai kuɗin ba sa nan, lambobi kawai kuke haska mini? Biri fa ya yi kama da mutum.

Abin da ya fi mini ciwo, zargin da nake muku shi ake mini yanzu. Na sauya tayar babur ɗina, na ga yadda ake kallonta a ƙofar masallaci. Hajiya Talatu, wadda ta ba ni kuɗin masararta ba ta ko ƙirga a gabana ba, yanzu aike take yi a tambaye ni. Ban ga laifinta ba.

Roƙona biyu ne. Ku saki kuɗin nan a wannan makon, domin masara ba ta jiran bincike. In kuwa babu su, ku fito ku faɗa da bakinku, mutanena su san wanda ya ci.

Ni dai ba zan ƙara jira ba. Ranar kasuwa zan kora shanun huɗata biyu in sayar, in sayo wa mutum takwas takinsu. Tawa gonar ta bana na haƙura da ita.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka da tsayawa gaban sa'an mahaifinka kana rantsuwa a kan abin da ba ka ci ba.

Wassalam.

Malam Hamisu, Dayi.