Hannun da Na Sa a Takardar Rediyo

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yaran duka. Ya ƙafar taki? Ina fata kin rage taurin kai kina shan maganin da na aiko, don na san halinki.

Kin tambayi labarin yaran da nake koya wa karatu. Muna nan, Talata da Alhamis, in na samu na baro shagon magani. Makarantar ta ware yara takwas 'yan aji uku waɗanda karatu ya gagara, aka ba mu ɗakin ajiya, muna zama tsakanin karyayyun kujeru. A cikinsu akwai wata yarinya da suke ce wa Rediyo, don duk abin da ya shiga kunnenta sai ta maido miki shi, har da tarin mai maganar. Makon jiya shugabar makaranta ta zo gwada su. Rediyo ta karanta littafin akuya da mai lambu daga farko har ƙarshe, ba gargada. Shugaba ta yi ta yabona a gaban malamai, ni kuwa kaina ya kumbura. Na sa hannu a takarda cewa ta iya, aka cire ta daga cikinmu, aka ba wani yaro gurbinta.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba, Yaya. Yatsanta yana kan layi na biyu, bakinta ya kai na biyar. Na karanta musu littafin nan ya fi sau goma, haddace shi ta yi. Na gani sarai, na kau da kai, saboda wata huɗu ina fama ban yaye yaro ko ɗaya ba, kuma ba na son a ce na kasa. Kada ki gaya wa maigida, zai samu abin tsokanata.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Auta


Yayata,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ga amsarki. Kin ce in daina damun kaina, yarinya za ta koya a aji. Da ma haka ne.

Jiya uwarta ta zo shago da ita. Shara take yi a wani ofis, ba ta taɓa shiga aji ba. Ta zo yi mini godiya, ta kuma sayi maganin zazzaɓi na jaririnta. Ta yi ta sa mini albarka har na rasa inda zan sa fuskata. Sai ta miƙa wa Rediyo kwalbar, ta ce ta karanta wa malamarta yadda ake ba ƙaninta, kowa ya ji. Yarinyar ta riƙe kwalba da hannu biyu, ta ɗago ta dube ni. Ni kuwa, babbar banza, na yi wuf na karɓe, na ce rubutun ƙanana ne, na karanta da kaina.

Uwar ta tafi tana murna, tana cewa ta huta da bin maƙwabta su duba mata takarda, yanzu tana da mai karatu a ɗaki. Shekara goma sha ɗaya ina bayan kantar nan, na san abin da rabin cokali da cokali biyu suke yi wa jariri. Na bi su har bakin titi na sake nanata mata awon, amma kwalba ta gaba ba lallai a wurina za ta saya ba. Kunya nake ji, kuma tsoro nake ji.

Ki sa ni a addu'a.

Auta


Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin, ya yara? Na gode da faɗan da kika yi mini a waya, na cancance shi.

Na je na faɗa wa shugaba komai. Ba ta ɗaga murya ba, da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce gurbin ya tafi, ba za ta kori yaron da aka saka ba don gyara kuskurena, sai baɗi. Baɗi kuwa Rediyo tana aji huɗu, inda ba mai tsayawa koya wa yaro baƙi da wasali.

Na tare Rediyo a bakin ƙofar makaranta bayan an tashi, na ce zan je in gaya wa mamarta gaskiya. Ta daɗe tana wasa da igiyar jakarta, sannan ta ce, "Anti, ki ce ni na yaudare ki. Ni duka kawai za ta yi mini, ke kuwa za ta daina ganin girmanki."

Shekararta tara, Yaya. Na tsaya a titi ina kuka mutane na kallona.

Na je gidan, na ce wa uwar ni na yi ƙarya, 'yarta ba ta da laifi, kuma kada ta bari ta auna wa jariri magani. Tambaya ɗaya ta yi mini, yanzu ina yarinyar za ta koya. Na roƙi mai shagonmu ya ba ni benci a bayan kanta, kullum bayan an tashi makaranta, ya yarda.

Yau muka fara, da littafin da ba ta taɓa ji ba. Ta haɗa kalma uku da ƙyar. A ta huɗu ta tsaya, ta ɗago ta dube ni, tana jira in faɗa mata. Bakina har ƙaiƙayi yake, amma na yi shiru. Da ta ga ba zan faɗa ba, ta mai da idonta kan shafin.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta