Taga a Siton Albasa

Asabar, 3 ga Agusta

Yau ƙanena Zayyanu ya kai ni in ga "gidan" da zai sa Inna idan ta fita takaba. Gida! Siton albasar Baba ne, wanda ke saman shagonsa a unguwar Gidan Igwai. Ɗaki ɗaya wangameme, ba silin, kwano duk tsatsa, ƙasa ɓawon albasa na shekara talatin. Ya tsaya yana nuna min da hannu: nan falo, nan kicin, nan ɗakin yara, nan na Inna. Na ce to ɓerayen fa, ina za a sa su, tunda su ne masu gidan?

Tun da ruwa ya ka da gidanmu na Runjin Sambo Inna take wurina a unguwar Gidan Dahala. Ɗaki mai tayil, banɗaki a ciki, fanka ba ta tsayawa, ga katanga ga get. Wai daga nan za a ɗauke ta a rataye ta a saman titi. Sai dai in ba na numfashi.

Lahadi, 11 ga Agusta

Ashe ba Zayyanu ne mai aikin ba, matarsa ce. Zahra'u, da aka ɗauko daga fadamar shinkafa, ita ce yau ke tsaye kan magina da goyo a baya tana ba da umarni. Ikon Allah, na kwance ya faɗi.

Ta sa an zuba yashi a lungu an dasa randa biyu. A bene! Wai "Yaya, ruwan firij na sa Inna tari." Wata guda ina ba ta ruwan firij, ban ji tari ba.

Laraba, 14 ga Agusta

Inna ta ɗan yi tari. Damina ce.

Juma'a, 23 ga Agusta

Inna dai har yanzu. Tun rasuwar Baba daga "to" sai "a'a". Likita ya ce lafiyarta lau. Na sa mata kujera mai laushi gaban talabijin, in na dawo daga makaranta sai in tarar ta sauko ƙasa tana kallon bango. Wannan shirun na ci min rai, amma ba zan faɗa wa su Zayyanu ba, kar su samu abin kamawa.

Laraba, 28 ga Agusta

Yau na ga abin da ya fi ƙarfina. An fasa taga a ɗakin da suka ware wa Inna, kamu ɗaya da rabi daga ƙasa. Taga a gwiwa! Habibu magini ya rantse min tun da yake bai taɓa yin irinta ba. Ya ce zama Zahra'u ta yi dirshan a ƙasa ta ja layi da gawayi daidai idonta, sannan ta rage taƙi ɗaya, wai Inna ba ta kai ta tsawo ba. Wannan shi ne awon injiniyar fadama.

Na ce mata kaji za a kiwata ne? Ko a jikinta. "Inna ba ta zama kujera, Yaya. Bisa tabarma taka zama. In an yi ta sama, mi za ta gani?"

Me kuwa za ta gani a ƙasan? Keke Napep da masu soya awara.

Litinin, 2 ga Satumba

An yi silin, an raba ɗakuna, an sa wa tagar ƙarafa saboda yara. Fenti shafi uku, warin albasa na nan daram. Na kai musu turaren wuta don kar mu ji kunyar baƙi, na dawo mayafina na wari.

Kawu ya ce a bar Inna ta gani da idonta ta zaɓa. Madalla. Matakala goma sha tara ce, na ƙirga. Ba za ta kai ta goma ba.

Asabar, 7 ga Satumba

Inna ta fita takaba. An yi addu'a, an raba waina, da la'asar muka kai ta.

Ta hau. Sau biyu ta huta, ni ina baya ina jiran ta ce a koma. Da ta kai ƙofa sai ta tsaya ta ja numfashi mai tsawo, na ce yauwa, warin ya buge ta. Ba ta juya ba. Ko kallon kujerun falo ba ta yi ba, ta wuce ɗakin, ta zauna kan tabarma, fuskarta daidai tagar.

Muka yi tsaye kamar masu jiran liman. Can sai ta kama ƙarfen ta leƙa.

"Jummai! Ke Jummai mai nono! Na yau ne ko na jiya kika kawo muna?"

Da ƙarfi, har masu shago suka ɗago kai. Wata huɗu da kwana goma ban ji jimla ɗaya daga bakinta ba. A gidana ta yi kusan wata biyu.

Zayyanu ya fita yana share ido. Zahra'u ta sauka ɗauko nonon, ko kallona ba ta yi ba. Da ma ta yi min dariya, da ya fi min sauƙi.

Ni kaɗai na dawo gida.

Talata, 10 ga Satumba

Na kai mata akwatinta, tunda cika min ɗaki yake yi. Labulensu har yanzu kalar ƙauye ne, na faɗa musu.

Na ɗan zauna kan tabarmar don in duba ko ƙarafan sun kafu. Daga nan ana ganin bencin Baba na ƙofar shago, daidai gefen da yake zama. A tsaye ba a ganinsa.

Zahra'u ta miƙo min ruwan randa. Kofi biyu na sha, zafi ake yi.

Mayafin na rataye a ƙofa, yana warin albasa. Ban wanke shi ba tukuna.