Hannun Sibdu

Yako

Yaya Yamba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a gonar kokon nan ta Subre da ta hana ka tuna hanyar gida. 'Yarka Sibdu tana gaishe ka.

Albishirinka, farfaɗiyar ta lafa. Tun da na kai ta wurin tsoho Gomtibo mai magani, sau ɗaya kawai ta faɗi. Saiwar sanya yake ba mu mu tafasa, da wani ganyen wanka mai warin bunsuru. Tana sha tana zagina, ina ɗura mata ina ramawa. Ya ce in ta kai kaka a haka, ya raba ta da ciwon har abada.

Sharaɗinsa ɗaya, wanda kowa ya sani: kada wuta ta taɓa ta. Mai farfaɗiya in ya ƙone, ciwon ya dahu a jikinsa, babu mai magani da zai sake karɓarsa. Don haka na hana ta zuwa kusa da murhu. Budurwa kamar Sibdu, mai hannun tuwo, tana zaune kamar baƙuwa da kwanonta daban, don matan gida suna tsoron yawunta. Abin yana cin ta, ni ma yana ci na.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Kudpoko

Subre

Zuwa ga ƙanwata Kudpoko,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya iso, na yi godiya ga Allah. Ki bi umarnin tsohon sau da ƙafa. Tun rasuwar uwarta ke ce uwa. Ki tsare min ita daga wuta, zaman banza ba ya kisa.

Wassalam.
Yayanki, Yamba

Yako

Yaya,

Ina gaisuwa, amma babu daɗi.

Ranar da mata suke dafa man kaɗe na tafi rijiya. Sibdu ta gaji da kallo, ta karɓi muciya ta ce bari ta juya sau ɗaya. Nan ciwon ya buge ta, hannunta na dama ya shiga murhu. Matan gidanmu suna tsaye a kanta suna salati, ba wadda ta ja ta, saboda kumfar bakinta. Sai da na yar da tulu na fizgo ta. Har yau ban iya kallon fuskokinsu ba.

Na yi abin kunya, na saka mata riga mai dogon hannu na kai ta wurin Gomtibo kamar ba komai. Ya miƙa mata ƙwarya, ta karɓa da hagu. Ya dube ta, ya ce ta naɗe hannun riga. Bai yi faɗa ba, gara ma ya yi. Ya karɓe ƙwaryarsa ya ce, "'Yata, wuta ta riga ni. Ba ni da abin ba ki kuma."

Na durƙusa har ƙasa, ya shige ɗaki. Me zan yi, Yaya?

Kudpoko

Subre

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa. Na kwana biyu ban iya ɗaga adda ba. Ban ga laifinki ba. Ki kai ta nesa, wajen garin Kaya ko Titawo, inda ba a san ta ba. Ki ce tabon na ƙuruciya ne. Alhakin ƙaryar a wuyana.

Yayanki, Yamba

Yako

Yaya,

Barka da aiki. Na kai ta. Duk mai maganin da muka je wurinsa, kafin ya tambayi sunanta sai ya ce ta nuna hannuwa. Ba su damu da tsufan tabo ba. A asibiti sun gyara ƙunar, sun ba ta ƙwayoyi, ta samu sauƙi. Da suka ƙare muka koma, aka ce babu, mu riƙa leƙowa. Yanzu tana faɗuwa fiye da da.

Ta koma girki. Na hana ta, ta ce, "Gwaggo, me kike tsarewa kuma?" Na ƙyale ta. Kullum ita ke tuƙa mana tuwo da hagu, ni kuma ina zaune a bayanta riƙe da bakin zanenta. Hannuna ya fara gajiya, Yaya, kuma duk gidan nan babu wanda zai karɓe ni. Ka dawo.

Sai na gan ka.
Kudpoko