Tsakuwa a aljihun baƙo

Cadawa, daren Juma'a.

Barci ya ƙi zuwa. Yau baƙon nan na Gana ya zo rumfata, dattijon da ya yi ministan kasuwanci, ya yi jakada, yanzu yake nema wa ƙasarsu aya. Ni kuwa na zuba manya a bakin buhu, yadda kowa ke yi. Sai ya naɗe hannun riga, ya tura hannu can ciki. Na ga abin da ya damƙo: ƙanana da tsakuwa. Ga magajin gari tsaye, ga 'yan rediyo. Bai buɗe tafinsa ba. Ya zuba a aljihu, ya ce, "Alhaji, Allah ya sa albarka."

Da ma zagina ya yi. Tsakuwata ce za ta raka shi har Gana.